Yadda Na Tsorata Mahautan Mabera

Jiya wani daga cikinku, ku samarin da ke tura wa mutane fim a waya, ya dube ni ya ce, "Baba Cika, ashe aikin banza kunka yi can da? Mutum shi zamna shina ba da labarin abin da kowa ka gani da idonai?" Na ce masa madalla, Allah ya ƙara basira. Tunda abin ya zo da sauƙi haka, ku gyara zama in gaya muku yadda aikin banzan yake, don na fi shekara ashirin ina cin tuwo da shi.

Rumfar kallonmu a Mabera take, bayan wani gareji. Kwano a sama, zana a gefe, benci goma sha biyu. Kayan aikin ba su da yawa: talabijin mai ƙusumbi wadda sai ƙarti biyu ke ɗaga ta, bidiyo mai cin kaset, lasifika ɗaya, makirfo da aka ɗaure wa wuya da salatif, sai inji a baya yana tari. Ni kuma kujerata tana gefen talabijin. Hannun hagu a kan maɓallin murya, baki a makirfo, ido ɗaya a kan fim, ɗaya a kan mutane. Bature ya buɗe baki, in rage muryarsa in sa tawa. Ya rufe, in mayar da kiɗa. Ni ne jarumi, ni ne matarsa, ni ne ɗan sanda, ni ne fatalwa, kuma duk da Sakkwatanci.

Aikina na farko ban manta da shi ba, saboda kunyar da na sha. Mai rumfar, Malam Ladan, shi ne ubangidana, kuma Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba. Da fuska yake fassara. Ni kuwa na yi aji uku a sakandare, ina jin kaina kamar ni na haifi Turancin. Ranar da ya ba ni makirfo na bi maganar Turawan nan kalma bayan kalma, ban zubar da ko ɗaya ba. Kafin a kai rabi benci huɗu sun zama fanko. Malam Ladan ya ɗauki kwalin kaset ya ƙwala mini a ƙeya, ya ce, "Kai, ba makaranta anka zaka ba. Kallo anka zaka."

Daga ranar ya kafa mini dokoki. Kowane fim sai na kalle shi sau uku kafin a nuna: sau ɗaya da murya, sau ɗaya babu murya, sau ɗaya ido a rufe ina saurare. Kowa a fim sai an raɗa masa sunanmu, don ba wanda zai ji tausayin mutumin da ba ya iya kiran sunansa. Ba mai shiga gida ba sallama, sai ɓarawo ko iska. Matar aure ba ta kiran sunan mijinta. Uwa kuma ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ko da a fim ta kira shi sau ɗari. "In ka sa sunan ɗan hwari bakin uwatai," in ji shi, "mutanenmu cewa za su yi matag ga ba ta da kunya, kuma daga nan ba su ƙara yarda da komi." Wannan dokar ta ƙarshe na sha kwali a kanta fiye da sauran duka.

Manyan masu kallonmu mahauta ne. Su tun asuba suna kwata, da hantsi suna kasuwa, azahar na yi sun wanke hannu sun gama. Da dare barci suke yi kamar an yanka su. Saboda haka mu fim ɗin ban tsoro tsakanin azahar da la'asar muke nuna shi, mu toshe ramukan zana da tsumma don a samu duhu. Ku yi tunanin wannan: ranar Sakkwato tana dukan kwano, gumi na bin bayan mutum, a talabijin kuma wata baturiya tana rawar sanyi cikin ƙanƙara, an ce kuma in sa mutum ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Wannan shi ne aikin banzan.

Shugaban mahautan nan shi ne Arzika. Ƙato ne, mai ƙaramar murya, kullum da ƙunshin balangu a takarda. Inda ya zauna nan sauran ke zama, in ya tashi sun tashi. Shekarun da na yi ina fassara ban taɓa ganin ya ko ƙifta ido don tsoro ba.

Masu shirya finafinan nan, daraktoci, ba mu san sunayensu ba. Kaset ɗin da ke iso mana an kwafa daga kwafi, farkonsa ya cinye, ƙarshensa ya yanke. Amma hannun mutum ba ya ɓuya. In na kalli minti goma na san aikin wane ne, sai muka raɗa musu namu sunayen.

Akwai wanda muke kira Ɗan Kwata. Shi a wurinsa tsoro jini ne, a kawo bokiti a zuba. Ban san wa ya gaya masa ba. Wataƙila a ƙasarsu inda nama ke zuwa a leda abin yana aiki, amma ni mahauta nake nuna wa. Ranar da aka farke cikin wani a fim ɗinsa, Arzika ya matso kusa da talabijin ya duba da kyau, ya ce, "Wanga ba jini ba na, zoɓo na. Hanjin ga kuma na akuya na, akuyar ma ba ta da lahiya." Wani daga baya ya ce mai kisan bai iya riƙon wuƙa ba, in a kwata ne ko ƙafar sa ba za a ba shi ya ƙona ba. Haka aka gama fim ɗin ana koya wa mai kisa sana'a. Na tsani Ɗan Kwata, kuma har gobe ina kan bakana: wanda ya cika fim da jini, labari ne ba shi da shi.

Sai Mai Ganga. Shi kuma ya yi shiru, ya yi shiru, sai ya buga ƙara gwaram, kyanwa ta faɗo daga kan kabad. Mutane su zabura, su yi dariya, shi ke nan. Wannan firgita ce, ba tsoro ba. Firgita ko jikana ya fasa leda a bayanka ya ba ka ita. Tsoro shi ne wanda zai bi ka gida, ka shiga bayi da buta ka ga kana waiwaye ba ka san dalili ba.

Na Indiya ina son su, amma fatalwarsu ba ta da natsuwa. Ta taso daga kabari za ta ɗau fansa, sai ta tsaya a hanya ta yi waƙa ta minti bakwai. Na gabas can, masu mace da gashi ya rufe fuska, sun iya aiki ƙwarai, sai dai da ta fito wani zai ce a kai ta kitso, ya lalata mini wahalar awa guda. Namu na gida kuwa, Allah ya ba su haƙuri. A shafa wa mutum hoda, a yafa masa zanin gado, ya fito yana ƙyaƙyata dariya, wai aljani. Ni ban taɓa ganin aljani ba, amma ban yi zaton yana da lokacin wannan dariyar ba. Waɗanda mahauta suka fi so su ne na farautar mai kisa, inda darakta mai hankali zai nuna maka takalmin mutum a ƙarƙashin labule, sannan ya bar matar gida tana ta share ɗaki tana matsowa. Nan za ka ji rumfa ta ɗauka: "Baiwar Allah, hita! Hita mana!"

Kuma duk finafinan Turawa ciwonsu ɗaya ne a idon mutanenmu. Mutum ya kwashi iyalinsa ya kai su gida a tsakiyar daji, ba maƙwabci, ba masallaci. Ya ji motsi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, maimakon ya tara jama'a, sai ya sauka shi kaɗai da tocila mai mataccen batir, ko bisimilla babu. Arzika kan ce, "Wanga ba iska ka kashe shi ba, wauta ta."

Gwanina shi ne Mai Ƙofa. Wannan bawan Allah ba ya nuna maka komai. Ƙofa ce a rufe, da mutum a tsaye yana kallonta, da shiru mai tsawo. Abin da ke bayan ƙofar kai za ka ƙera shi da kanka, kuma kowa ya fi kowa sanin abin da yake tsoro. Fassara fim ɗinsa ta fi kowace wuya, don bakin mai fassara ƙaiƙayi yake yi in an yi shiru. Sai da na shekara biyar kafin Malam Ladan ya bar ni in taɓa kaset ɗin Mai Ƙofa, ya ce sai na koyi rufe baki tukuna.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda ta biyo bayan rasuwar Malam Ladan, rumfa ta dawo hannuna. Wani ya buɗe sabon gidan kallo a hanyar Minanata: ginin bulo, fanka huɗu, faffaɗar talabijin a bango, finafinai a faifai an riga an fassara su daga Kano. Ni fatalwa mai Kananci dariya take ba ni, amma fanka fanka ce. 'Yan makaranta suka tafi. 'Yan kabu-kabu suka bi su. Aka bar ni da benci uku na mahauta, su ne kuɗin mai, su ne cefanen gidana. In sun tashi, sai in kwance kwano in sayar.

Wata Laraba bayan an tashi, Arzika ya tsaya yana sakace, ya ce, "Cika, yaran ga sun matsa mini, wai can akwai iska mai sanyi. Ni kuma ina jin kunyar marigayi. Ga abin da za a yi. Jumma'a ka sa muna wanda ka hi yarda da shi. In ka ba ni tsoro, ni Arzika, muna nan. In ba ka ba ni ba, Asabar muna Minanata, kuma kak ka ce mun ci amana."

Na ce, "Arzika, shekara nawa kana zama nan ba ka ji tsoro ba, sai jibi?"

Ya ce, "To ka ga ke nan ban takura ka ba, har kwana biyu na ba ka."

Na koma gida na zazzage buhun kaset. Na ciro wani tsohon aikin Mai Ƙofa da ban taɓa nuna musu ba, saboda ba jini ko ɗigo, na san za su ce an cuce su. Ya yi fumfuna. Na kwance shi na bi zaren da auduga da sifirit, inda ya tsinke na liƙe da jan farcen maiɗakina, ita kuma tana tsaye tana tambaya ko fatalwar ce za ta yi kwalliya. Na kalle shi sau uku yadda aka koya mini.

Labarin ba shi da yawa. Wani mutum ne ya koma ƙauye jinyar tsohuwarsa, a wani gidan gona, su biyu kaɗai. Shi ne ɗanta na fari. Na raɗa masa Mamman, ita kuma Inna. Tsohuwar nan, irin ta Turawa, ba ta buɗe baki ba tare da ta kira sunansa ba. Ni kuma na bi doka: duk inda ta kira, in ce "kai", ko "wanga yaro", ko "ɗan nan". A tsakiyar fim ta rasu, ya binne ta. Bayan kwana uku, da rana tsaka, yana zaune shi kaɗai, ƙofa a rufe, sai murya ta zo daga waje. Muryar tsohuwar. Ba ta ce komai ba sai sunansa, sau uku. Na shirya a nan zan ce, "Kai, buɗe mini."

Jumma'a bayan an sauko daga masallaci suka cika bencinsu uku. Zafi ranar ba a magana. Aka fara. Minti ashirin, ba wanda ya mutu. Wani ya ce, "Cika, ko kaset ɗin wa'azi ka sa muna?" Da tsohuwar ta rasu, Arzika ya yi hamma har na ga dasashinsa, ya ce, "Allah shi jiƙan ta. A tahi gaba." Aka yi dariya. Ni kuwa riga ta manne mini a baya, ina fassara ina lissafin wanda zai sayi benci.

Aka zo wurin ƙofar. Idona ba ya kan talabijin, yana kan ƙafar Arzika, don na ga yana laluben takalminsa. Muryar ta zo, na rage ta yadda na saba, na sa muryar tsohuwa, sai bakina ya bi abin da kunnena ya ji. Na ce, "Mamman."

Da kaina na ji abin da na yi. Shekara ashirin ban karya dokar nan ba sai yau, ranar da ake yanke mini hukunci. Har ƙeyata ta yi zafi inda kwali ya saba sauka. Na jira a fashe da dariya, a ce tsohuwa ta mutu ta zubar da kunya. Ba wanda ya yi dariya. Kira na biyu ya zo, ba halin gyara, na sake cewa, "Mamman."

Rumfar nan ta yi tsit, har ina jin tarin inji a baya. Can wani ya ce a hankali, "Inna lillahi. Ba ita ba ta." Awa guda suna jin matar nan tana kauce wa sunan ɗanta kamar kowace uwa ta gari, yanzu ga wani abu a bayan ƙofa da muryarta, yana kiran sunan gatsau. Mamman na fim ya miƙe ya nufi ƙofa. Nan na tuna abin da aka shekara biyar ana koya mini, na rufe bakina. Ya taka, ya taka, ya ɗora hannu a kan sakata. Na yi kira na uku, ƙasa-ƙasa.

Arzika ya miƙe tsaye da ƙarfin da ya sa bencin ya ɗaga ya zubar da mutum biyu. Ya daka tsawa da 'yar muryar nan tasa, "Kak ka buɗe! Ba uwakka ba ta! Kai ɗan hwari na, wawa, uwakka ba ta kiran sunanka!"

Wani ya kama a'uziyya da ƙarfi. Wani ya fita ta cikin zana, inda ba ƙofa, ya bar takalmi. Mamman kuwa, da yake bature ne, ya buɗe. Ba kowa a waje, sai fili da rana. Mai Ƙofa ke nan, ko a nan bai nuna komai ba.

Da aka tashi, mahauta suka kewaye ni suna yabon daraktan. Wai lalle baturen nan ya zauna cikin Hausawa, dubi yadda ya san al'ada, ya ɓoye sunan tun farko don ya kama mu a ƙarshe. Na gyaɗa kai na ce ai shi ya sa nake gaya muku gwani ne. Har yau Mai Ƙofa bai san ya yi wannan fasahar ba. Arzika dai bai tsaya yabo ba. Ya sa takalmi ya fita, ya bar ƙunshin balangunsa a kan benci, abin da bai taɓa yi ba. Na kwana ban san ko na ci ko na faɗi ba, don mutum na iya jin tsoro kuma ya ji haushin wanda ya kunyata shi a gaban yaransa.

Asabar da hantsi na zo shara, sai na tarar da shi zaune a kan dutse a bakin rumfa, da rigar aikinsa, a lokacin da ya kamata a ce yana kasuwa ana rububin nama. Muka gaisa. Na ce, "Lahiya, Arzika? Ko sallama ka zaka yi mini?"

Ya ce, "Ba mu zuwa Minanata. Wagga magana ta ƙare."

Na yi hamdala a zuci. Kuma sun cika alkawari, suna nan tare da ni har lokacin da wayoyinku suka zo suka rufe ni, suka rufe mai fankar ma. Na ɗauka maganar ke nan, na kama tsintsiya. Bai tashi ba.

Ya ce, "Innata ta rasu da daminar da ta wuce."

Na ce na sani, ai mun je gaisuwa, Allah ya jiƙan ta.

Ya ce, "Ni na ɗanta na hwari. Arzika kakata ta sa mini. Sunana na yanka Umaru." Shekarun nan duka ban sani ba. Ya dubi ƙasa ya ce, "Shekara arba'in da biyat, ban taɓa jin sunan ga bakinta ba. Ko da tana ciwon ajali, 'kai' taka ce mini. Jiya na ce ma wancan kas shi buɗe. Amma da ni na, Cika, wallahi da na buɗe."

Na jingine tsintsiya.

Ya ce, "Ta da injin. Kai mini wurin ƙohwag ga. Amma ka kira da nawa sunan."

Na ce, "Haba Arzika, wanga ba abin wasa ba na. Kuma ni ban san muryatta ba."

Ya ce, "Ni ma ban san yadda sunan ka hita bakinta ba. Kowace iri ka yi, ita ta."

Na ta da inji saboda mutum ɗaya. Na toshe ramukan zana, na tura kaset gaba har ƙofar ta fito. Ya zauna a bencinsa, ya ɗora hannuwa a gwiwa kamar mai jiran liman. Kowa a garin nan ya san ba a amsa kiran da ba a ga mai yinsa ba, kuma jiya jiya shi da bakinsa ya tsawata wa wani a kan haka. Na rage murya, na matso da makirfo, na ce, "Umaru."

Ya ce, "Na'am, Inna."

Sauran kira biyun ban yi su ba. Na bar kaset ɗin yana tafiya, na fita na tsaya wurin inji.